Farin da Baba Yake Gani

Kujerar da ke gaban babbar kwamfutar shagonmu ta Baba ce. Ba wanda ya taɓa faɗa, amma kowa ya sani. Mazauninta ya lotsa daidai jikinsa, hannunta na dama ya goge har itacen ya fito, kuma in wani ya kuskura ya zauna a kai, ko don ɗaura igiyar takalmi ne, Baba ba ya cewa uffan. Tsayawa kawai yake yi a kan mutum har sai ya tuna yana da uzuri a waje.

A kan wannan kujera ake gyara kalar kowane hoto kafin ya iso wurina. Ni ce mai injin wankin hoto, can ɗaki na ciki, inda zafi da ƙarar inji suka mayar da ni masifaffiya, in ji mutanen gidanmu, ko da yake ni ina ganin da halina na shiga. Yaya, wanda nake bi, shi ne mai ɗauka da tarbar masu zuwa. Sai Dogo mai firam, wanda ya fara aiki da Baba tun ban san hannuna na dama ba. Yana da teburinsa a bakin ƙofa, da bakinsa da ba ya gajiya.

Baba ya shiga sana'ar hoto tun zamanin fim da ɗakin duhu, lokacin da warin maganin wanki ke bin mutum har gado. Da kwamfuta ta zo abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma sayar da taya, wani ya koma gadi. Shi ya ja kujera ya zauna ya koya, da yatsa ɗaya da tsaki mai yawa. Abin da ya riƙe mana shago kuwa abu ɗaya ne, fatar mutum. A wasu shagunan, in baƙin mutum ya shiga sai ya fito toka-toka, ko su yi ta ƙara masa haske har uwarsa ta wuce hoton ba ta gane shi ba. Baba yana ba kowa fatarsa. Mai duhu ya fito da duhunsa yana sheƙi, wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa. Tun ina ƙarama yakan ɗora ni a cinya ya nuna min fuska a hoto ya ce, "Dubi ƙarƙashin baƙin nan, akwai ja. Wancan kuma akwai ruwan ƙasa. In kika kashe na ƙasan, kin kashe mutumin." Mutane kan tsallake shaguna su zo namu saboda wannan. Baba ya san haka, ya kuma tabbatar mun san ya sani.

'Yan shekarun nan ya tsiro da ƙorafi. Takardar wanki ta yanzu ba ta da fari, kamfanoni sun lalace. Ƙwan fitilar shago ya yi ja, a canza. Aka canza, ya ce wannan ma. Lokaci-lokaci za ka ga ya sa hannu ƙarƙashin sikirin yana latsa maɓallan nan na daidaita kala, ya ja da baya, ya ƙanƙance ido, ya sake latsawa. Mu dai ba ruwanmu. Tsoho da ƙorafi ai sai a bar shi, kuma hotuna suna fita lafiya lau, ba mai dawo da ko ɗaya.

Yaya ne ya kasa haƙuri. Ya samo mana aikin wata babbar makaranta, hotunan yara masu fita, yana kuma hangen wasu ayyukan a bayan wannan. Abin da ya dame shi, in ya buɗe hoto a laftof ɗinsa ya gan shi iri ɗaya, in ya leƙa sikirin ɗin Baba sai ya gan shi wani iri. Ya ce shagon da ke son girma ba ya aiki da sikirin biyu masu musu da juna. Wata safiya sai ga shi da ɗan kwali a hammata, yana tafiya kamar wanda ya ciyo kofi.

Abin da ke cikin kwalin bai kai tafin hannu ba. Baƙi ne, da ido ɗaya a cikinsa da doguwar waya. Na'urar auna kala ce, in ji Yaya. Ana rataya ta a fuskar sikirin, ta kalli kalolin da yake fitarwa, ta faɗi inda ya kauce, sannan a daidaita shi.

"Wato kaska," in ji Dogo, da ya ga ta manne a gilashi. "Allah ya sa ba jini take sha ba."

Sunan ya bi ta daga ranar.

Yaya ya sa aka saki labule, aka kashe fitilu, aka bar sikirin a kunne ya ɗan yi ɗumi, wai da sanyinsa ba ya faɗin gaskiya. Muka tsaya cirko-cirko cikin duhu da rana tsaka. Sikirin ya shiga canza kala, ja, kore, shuɗi, toka mai duhu, toka mai haske, kaska tana kwance a kai tana kallo. Baba yana baya, ya goya hannu. Yaya ne a kujerar. Ranar na fara ganin wani a kujerar Baba shi yana tsaye bai tashe shi ba.

Da ta gama, Yaya ya yi fito.

"Baba, sikirin ɗin nan ya tafi shuɗi sosai. Ban san yadda kake aiki da shi ba."

"Da ido nake aiki da shi," in ji Baba.

Yaya ya bi abin da na'urar ta ce, ya rage nan ya ƙara can, har ta nuna ta gamsu. Sannan ya buɗe hoton wata mata mai farin mayafi, ya ce in kawo wanda na riga na wanke. Na kawo, ya kara shi a gefen gilashi, aka ɗage labule. Wallahi kamar an tsaga kara. Abin ya ba ni haushi, don ba abin da na tsana irin Yaya ya yi gaskiya a gaban mutane.

Baba ya sunkuya ya duba. Ya daɗe a sunkuye.

"Wannan ne daidai?"

"Shi ne, Baba."

"Mayafin matar nan kamar an tsoma shi a shayi. Kai ba ka gani?"

"Sabo ne kawai. Idonka ya saba da wancan. Kwana biyu zai daidaita."

"Idona ne zai daidaita da akwati," in ji Baba. "To, madalla."

Yaya ya kulle maɓallan ta ciki, ya kuma liƙa musu salatif ta waje, don ya san da wa yake zaune. Washegari na kama Baba yana sosa bakin salatif ɗin da farce. Da ya ga na gani sai ya ce ƙura yake cirewa.

Kwanaki suka wuce, ido bai daidaita ba. Hotuna ne suka fara canzawa. Na farkon da na lura da shi na wani jariri ne, ya fito da leɓe kamar ya kwana a firji. Na ɗauka inji ne. Na duba tawada, na share bakin feshinta, na canza takarda, na sake bugawa, ya sake fitowa haka. Na kai wa Baba.

"Baba, wannan kamar ya yi sanyi da yawa."

Ya karɓa ya kai ƙarƙashin fitila, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Uwata," haka yake kirana, "rabon da in ga fari ya fito fari a takarda irin haka har na manta. Ashe sun gyara takardarsu."

Na tsaya da baki buɗe. Mutumin da ya koya min ganin ja a ƙarƙashin baƙi ne yake riƙe da jariri shuɗi yana yabo. Na koma ciki na ce wa kaina wataƙila ni ce zafi ya taɓa wa kai.

A wannan tsakanin hotunan makaranta suka zo, tuli guda, kuma ana jiransu. Baba ya zauna a kansu da zuciya ɗaya, yana ƙunƙuni yana jan linzamin kwamfuta. Duk yaron da ya buɗe sai ya ce ya yi rawaya, sai ya yi ta ƙara masa shuɗi har ya gamsu. Na kira Yaya a waya, yana can wurin ɗaukar wani taro. Ya ce sikirin daidai yake, inji daidai yake, in wanke kawai in daina neman magana. Na wanke. Direban makaranta ya zo ya kwasa.

Shugabar makarantar ce ta dawo da su da ƙafarta. Mace ce gajera mai tabarau, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba su taɓa buƙata ba. Ta ajiye kwalin a teburin gaba, ta zaro ɗaya ta miƙa wa Yaya.

"Iyaye suna tambayata ko wata cuta ce ta shiga makarantata."

Dogo ya leƙo ya gani, ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Yara ne reras cikin fararen riguna, fuskokinsu kamar waɗanda aka tsamo daga rijiya.

Baba ya taso daga kujerarsa da fara'a irin ta mai shago. Ya karɓi hoton ya duba sama da ƙasa.

"Malama, hoton nan ba abin da ya same shi. Ni na gyara shi da hannuna."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi Yaya. Da ta zage mu da ya fi min sauƙi. Tausayi na gani a idonta, kuma Baba bai gani ba, yana can yana nuna mata yadda kwalar rigar wani yaro ta fito tas.

Yaya ya ba ta haƙuri, ya raka ta har mota. Da ya dawo ya ce, "Baba, ɗan ba ni wuri." Ya zauna a kujerar, ya buɗo hotunan na asali, ya gyara guda a wannan sikirin ɗin dai, ya turo min. Na wanke. Yaro ya fito yaro, da jininsa a jiki. Sikirin bai canza ba, inji bai canza ba, takarda ma ita ce. Ba wanda ya faɗi abin da ya rage, amma har Dogo ya sunkuyar da kai yana goge gilashin da ya riga ya goge.

Da yamma, bayan masu zuwa sun ɗauke ƙafa, Yaya ya ce, "Baba, ka yi aiki ya isa. Ka huta. Ga kujera nan a gaba, mutane suna son su shigo su gan ka."

"In zama hoton bango ke nan."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka kawo kaska ta ɓata min sikirin, ka liƙe shi da salatif kamar bakin kwali, sannan ka ce hannuna ne ya lalace."

"Ban ce hannunka ba."

"To me ka ce?"

Ni na karɓe maganar. Na gaya wa Yaya shagon nan lafiya yake kafin ya je ya kwaso mana masifa a kwali. Na ce shekara da shekaru ba a taɓa dawo mana da hoto ba sai da ya zo da iliminsa. Ya ce, "To ki nuna min inda na yi kuskure." Sai na ƙara murya kawai.

Baba ya gwada kujerar gaba. Mutane su shigo su gaishe shi da ladabi, su wuce shi su tafi wurin Yaya. Wata da ta daɗe tana zuwa ta ce, "Baba, ashe an samu hutu." Ya ce, "An samu." Bayan 'yan kwanaki ya daina zuwa.

A gida ni da shi ne, tun rasuwar Umma. Na zaci zai karye, amma fushi ya riƙe shi. Da safe zai zauna a baranda ya yi ta tsine wa kaska, ita da wanda ya ƙera ta da jirgin da ya ɗauko ta. Duk maƙwabcin da ya tsaya gaisuwa sai ya sha labarin yadda aka fifita akwati a kan ido. In Yaya ya zo gaishe shi, sai ya amsa yana kallon bango, ya tambaye shi lafiyar uwar ɗakinsa, wato kaskar. Yana cin abincinsa tas, yana barcinsa, yana jiran ranar da za a gane a zo a ba shi haƙuri. Ni ma ina jira tare da shi, ko da yake hotunan da Yaya ke gyarawa suna fita daidai. Daidai kawai. Ba wanda zai dawo da su, ba kuma wanda zai tsallake titi dominsu.

Wanki ne ya buɗe min ido. Ran hutu na wanke masa fararen rigunansa na shanya, ya fito ya tsaya gaban igiya yana taɓe baki.

"Uwata, sabulu ya ƙare ne? Rigunan nan duk sun dafe."

Riguna fari ƙal, har suna kashe ido a rana. Na ce to. Na sauke ɗaya, na jiƙa bula a bokiti, shuɗin garin nan da ake ɗan ɗiga wa farin kaya, na tsoma na ɗaga.

"Ƙara," in ji shi.

Na ƙara.

"Ƙara dai. Rowar me kike yi?"

Na yi ta ƙarawa har rigar ta rine, ta koma irin wadda ba mai fita da ita ko ƙofar gida. Sai ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Yanzu ta yi fari."

Na tsaya riƙe da rigar tana ɗiga a ƙafata. Ashe takarda ba ta da laifi, fitila ma haka. Wani rawaya ne ya sauka a idon Baba a hankali, yana rina masa duk abin da ya kalla. Shi kuwa, ba tare da ya sani ba, ya yi ta ɗiga wa sikirin ɗinsa bula da maɓallan nan, shekara bayan shekara, har shuɗin gilashi ya kashe rawayan ido. Ido ya karkata nan, sikirin ya karkata can, sai hoto ya fito a miƙe. Sikirin ɗin nan shi ne tabarau ɗinsa. Yaya ya zo ya miƙe ɗaya ya bar ɗaya, shi ya sa Baba ya koma zuba shuɗin a fuskokin 'ya'yan mutane.

Daga baya likita ya ba abin suna. Yanar ido ce, da wata ɓarna a bayanta da ciwon suga ya yi, wadda aikin tiyata ba zai gyara ba. Amma ran nan ban yi tunanin likita ba. Abin da na hango kawai shi ne hanyar mayar da Baba kujerarsa, da kuma daɗin da zan ji in na kalli fuskar Yaya.

Na jira ranar da Yaya ya fita ɗauka tun da safe. Na ce wa Baba ya shirya mu je shago. Ban yi masa maganar ido ba. Na ce kawai, "Mai kaska ba ya nan. Zo ka mayar da abinka yadda yake."

Ban taɓa ganin ya sa takalmi da sauri haka ba.

Dogo ya ɓare salatif yana cewa shi fa ba ya nan, in an tambaya ya tafi sayen ƙusa. Na buɗe kullen, don ina kallo lokacin da Yaya ya yi shi. Baba ya zauna, ya buɗe farin shafi, ya sa hannu ƙarƙashin sikirin ya shiga latsawa. Ina tsaye a bayansa ina kallon farin yana tafiya. Ya zama fari mai sanyi, ya zama ruwan bula, ya wuce inda yake a da. Hasken ya rina masa gemu. Dogo ya dube ni, na girgiza masa kai.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ka ga fari."

Na buɗe masa hoton da ke jira, wata dattijuwa mai duhun fata rungume da jikarta, taga a bayansu. Irin hoton nan ne mai wahalar da kowa, don in ka bi fuskar tsohuwar sai taga ta ƙone, in ka bi taga sai tsohuwar ta ɓace. Yaya ya gwada shi ya ajiye. Baba ya gyara zama ya kama linzami. Yana aiki yana 'yar waƙa a maƙoshi, yana magana da matar.

"Haba baiwar Allah, wa ya yi miki haka? Bari in fito da ke."

Na wanke. Tun yana leƙowa daga bakin inji na san magana ta ƙare. Kowane layin tsufa a goshinta ya fito, fatar tana da zurfi kamar ka taɓa ka ji ɗumi, ga labulen taga a baya da zarensa. Hawaye ya zo min, na murna da na fushi a haɗe.

Ina fitowa da shi Yaya yana shigowa, jakar kyamara a kafaɗa. An ɗage taron da ya je ɗauka. Ya ga salatif a ƙasa, ya ga Baba a kujera.

"Wa ya taɓa sikirin?"

Na manna masa hoton a ƙirji. "Duba wannan tukuna, sannan ka yi tambaya."

Ya duba. Ya dubi sikirin, ya sake duban hoton, sannan ya dubi Baba, cikin idon Baba. Yaya yana da halaye da yawa da ba na so, amma ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya ɗauke ni makonni da bokitin wanki, shi a tsaye ya gane shi. Na ga lokacin da ya gane, kuma fuskar da na daɗe ina jira ba ita ta zo ba. Jakar kawai ya sauke a hankali.

"Ya yi kyau, Baba," ya ce. "Ya yi kyau ƙwarai. Ci gaba da aikinka."

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan. Amma Baba ya daɗe yana tara magana a baranda, ba zai bar ta ta tafi a banza ba.

"A'a. Ɗauko kaskar taka."

"Bari, Baba. Ba sai an yi haka ba."

"Ɗauko ta. A gaban mutane ta ƙaryata ni, a gaban mutane za ta ji kunya. Ɗora ta mu ji me za ta ce yanzu."

Na ce, "Baba, a bar shi mana, ga aiki yana jira." Ya ɗaga min hannu. Yaya ya jawo aljihun tebur ya ciro ta, ya rataya. Ko labule ba a saki ba. Kaloli suka zo suka wuce.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce ya kauce."

"Da yawa?"

"Fiye da na da."

Baba ya yi dariya har da buga cinya. "To ka ji. Sikirin ya kauce, hoto ya fito. Wa ke ƙarya a cikinsu? Dogo, kai ne babba a nan bayan ni, zo ka raba mu. Dubi farin nan tsakani da Allah. Akwai abin da ya same shi?"

Dogo ya taso yana jan ƙafa. Mutumin da ko a wurin makoki sai an roƙe shi ya yi shiru, ya tsaya gaban sikirin yana murza ƙusa a yatsa. Ya dube ni, na roƙe shi da ido. Amma tun suna samari bai taɓa yi wa Baba ƙarya a kan aiki ba, kuma tsakani da Allah aka ce masa.

"Maigida," ya ce, "shuɗi ne."

"Wane irin shuɗi?"

"Shuɗi dai. Kamar sama in an ɗauke ruwa."

Dariyar ba ta bar fuskar Baba nan take ba, sai da ta ɗan daskare tukuna. Ya juya ya kalli sikirin. Ya rufe ido ɗaya ya kalla, ya rufe ɗayan. Ya zaro hankici ya goge su, ya sake kallo.

"Uwata?"

"Shuɗi ne, Baba."

"Ke ma."

Yaya ya durƙusa a gefen kujerar ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ba hannu ba ne, ba kai ba ne, ido ne kawai ya ɗan rine, kuma ga shaida nan a takarda cewa in an bar masa sikirin yadda yake so, ba mai kama ƙafarsa a sana'ar nan.

"Wannan ya zama naka kai kaɗai, Baba. Ba mai sake taɓa shi. Ni zan nemi wani. Ban yi tunani ba ne, ka yafe min."

Abin da na yi ta faɗa a kai ke nan, ga shi an ba ni har da ƙari. Ban ji daɗin komai ba. Ji na yi kamar in maka kaskar da ƙasa, in bi Dogo da gudumarsa.

Baba ya ɗago kai.

"Yaran makarantar nan," ya ce. "Da gaske haka suka fita?"

"An riga an gyara, Baba," in ji Yaya.

"Na tsaya gaban matar nan ina ce mata ba abin da ya same su." Ya shafa gemu. "To bana na ƙara shuɗi, baɗi in ƙara. Ranar da maɓallin ya ƙure fa? Wa zai gaya min? Ku da kuka bar ni ina zagin takarda shekara da shekaru?"

"Za mu riƙa dubawa kafin a wanke. Ni ko ita."

"Ku riƙa dubawa," in ji Baba, yana juya maganar a baki kamar magani mai ɗaci. "A duba aikina."

Ya dafa kujera ya miƙe. Ya nuna sikirin da haɓa.

"Mayar da shi daidai kafin wani ya shigo ya gani. Shagon hoto ne nan."

Ya miƙo hannu, na ba shi hoton dattijuwar. Ya kai shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ya riƙe shi nesa, ya kawo shi kusa. Bana kaf ba abin da ya fita daga injina da ya kai wannan kyau, ga shi kuma a hannun wanda ya yi shi.

"A idona," ya ce, "matar nan kamar mai ciwon shawara."

Ya juyo gare ni.

"Uwata, ya yi kyau?"

"Ya yi, Baba. Wallahi ya yi."

Ya gyaɗa kai, ya miƙo min ba tare da ya sake kallonsa ba.

"To," ya ce. "Sai dai in yarda da ke."

Ya fita titi bai jira in raka shi ba, kuma bai sake gyara hoton kowa ba.